Gaɓar Bahar Maliya ta Sudan: tashar alhazan dauri da dukiyar da ke ƙarƙashin ruwa

Ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram, in an yi masa zancen teku, abin da ke faɗo masa a rai shi ne tashar Kwatano ko ta Lome: takardun duwan, jiran kwantena, da lissafin kwanakin da kaya suka yi a ajiye. Ma'aikacin gwamnati kuwa da ya samu kujerar Makka, ta tagar jirgin sama yake hango Bahar Maliya, shuɗi a shimfiɗe, jim kaɗan kafin a sauka Jidda. To amma akwai zamanin da mutanen ƙasar Hausa suka san wannan teku da tafin ƙafarsu. Sukan bar gida da jaki da sanda, su ratsa Barno da Wadai da Darfur, su tsaya noman auduga a Jazira domin neman guzuri, wani shekara biyu, wani bakwai, kafin idonsu ya ga ruwan gishiri a Sawakin. Da yawa ba su koma ba. Jikokinsu na nan a Kasala da Gadarif da Bur Sudan, da garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda ya ɗauki sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, shi da ya ja ragowar jama'ar mahaifinsa zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

Waɗannan bayin Allah jirgi suke jira, saboda haka ba su damu da abin da ke ƙarƙashin ruwan ba. Alhali kuwa a nan ne ƙasar Sudan take da wata dukiya wadda masana teku na duniya ke sawa a sahun gaba, wadda kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe ƙofarta ga baƙi.

Garin da aka gina da murjani

Kafin yaƙin, matafiyi yakan taso daga Kartum ya yi tafiyar kimanin kilomita 800 ta Atbara da Haya, ya hau duwatsun Bahar Maliya a Sinkat, sannan hanya ta gangaro da shi tana murɗewa har zuwa fili. Sai da takardar izinin tafiya a aljihu, da kuɗi tsaba a lalita, domin katin banki na ƙasashen waje ba ya aiki, sanadin takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar tun 1997. Abin da ke fara ba baƙon Sahel mamaki shi ne yanayi. A wannan gaɓa, ɗan ruwan saman da ake samu yakan zo ne a watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da manomin Tawa ya daɗe da rufe rumbu. Watannin da ake damina a Nijar kuwa, can zafi ne mai haye maki 40 haɗe da gumi, wanda ke sa masu hali gudu zuwa tudun Arkawit.

Sawakin na kimanin kilomita 60 kudu da Bur Sudan. Tsohon garin yana bisa wani ɗan tsibiri mai da'ira a tsakiyar lungun teku. Turkawan Usmaniyya sun riƙe shi tun ƙarni na 16, fatake daga Hijaz da Masar da Indiya suka gina benaye masu hawa biyu da uku, da tagogin katako masu sassaƙa irin na tsohuwar Jidda. Tubalin ginin kuwa murjani ne da aka sassaro daga cikin teku. Wannan dutse yana da sauƙin sara, yana hana zafi shiga ɗaki, amma yana da sharaɗi guda: sai an riƙa shafe shi da farar ƙasa a kai a kai, in ba haka ba gishiri da iska su cinye shi.

Abin da ya kashe Sawakin ba igwa ba ce, ciniki ne ya sauya hanya. Mashigar tashar ta yi wa manyan jiragen tururi ƙunci, murjani kuma na ƙara toshe ta. A 1905 Ingilishi suka soma gina sabuwar tasha a wurin da ake kira Marsa Shehu Bargut, aka buɗe ta a 1909 da sunan Bur Sudan. Ƴan kasuwa suka kwashe shagunansu ɗaya bayan ɗaya, masu shafe bango suka rasa mai biyansu, benaye suka riƙa zubewa. Mai ziyara yakan iske tsibin fararen duwatsu, da ƙofar gari ta Kicina, da masallatan Hanafiyya da Shafi'iyya waɗanda hukumar Turkiyya ta gyara, sai kyanwoyi da ke yawo cikin kangaye. A 1991 aka buɗe sabuwar tasha a gefen garin da sunan Usman Digna, jarumin Mahadiyya, inda jiragen fasinja da na dabbobi ke tashi zuwa Jidda. Duk ɗan kasuwar da ya ga yadda sabuwar kwalta ko rufe iyaka ke mayar da babbar kasuwa kufai, ba sai an yi masa fassarar Sawakin ba.

Kwana a bakin ruwa

Arewa da Bur Sudan, gaɓar fili ce fetal tsakanin duwatsu da teku, babu kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara. Wannan rashin kogi shi ne sirrin tsabtar ruwan: babu laka da ke gurɓata shi, rana kuma na ƙafar da shi, har gishirinsa ya kai kimanin giram 40 a lita guda, alhali sauran tekuna ba su cika wuce 35 ba. Ƙasar ƙabilar Beja ce, masu raƙuma da takobi da tulin gashi. Raƙumansu kan shiga ruwa har gwiwa suna cin ganyen shura, wani itace da ke tsiro cikin ruwan gishiri. Baƙon da ya kafa tanti kusa da su ba ya rasa jabana, wato gahawa da citta da ake dafawa cikin ɗan tulun yumɓu, a sha ƙoƙo bayan ƙoƙo ba gaggawa, ko kuma salat, naman da ake gasawa bisa duwatsun da aka shimfiɗa a kan garwashi.

Zango a nan yana da ƙa'idojinsa. Ruwan sha shi ne na farko, domin duk ɗigon da za a sha ko a yi girki da shi sai an ɗauko shi cikin jarka. Na biyu iska: ta arewa ce ke kaɗawa mafi yawan shekara, turken da aka kafa cikin rairayi ba ya riƙe tanti sai an danne da duwatsu. Na uku ƙafa: ba a shiga ruwa ba takalmi, saboda akwai wani kifi mai kama da dutse da ke kwance a ƙasa, ƙayarsa na ɗauke da dafi mai tsanani.

Da magariba fili kan cika da ƙaguwa masu launin rairayi, masu gudu kamar iska. Namijinsu kan tara ƙasa kusa da raminsa ya yi ɗan tsibi mai tsini, alamar gida ga mace da gargaɗi ga kishiya, har bakin ruwan ya yi kama da ƙauyen rumbuna ƙanana. Shaho mai kamun kifi kan tsaya cak a sama, ya faɗo da ƙafafu gaba, ya tashi da kifi a farce.

A wani wuri da ake kira Arus, kimanin kilomita 50 ko fiye daga Bur Sudan, akwai wasu ɗakunan shaƙatawa da Italiyawa suka gina, masu labari mai ban al'ajabi. A farkon shekarun 1980 wasu Turawa suka yi hayar wurin suka buɗe otel na masu nutso, baƙi na zuwa suna biya suna komawa da yabo. Daga baya ta bayyana cewa ma'aikatan leƙen asirin Isra'ila ne, da rana su koyar da nutso, da dare su kwashe Yahudawan Habasha daga sansanonin gudun hijira su fitar da su ta teku da ta sama.

Abin da ke ƙarƙashi

Mai son ganin dukiyar teku yana da hanya biyu. Mai sauƙin ita ce gilashin fuska da ɗan bututun numfashi, mutum ya kwanta bisa ruwa yana kallon ƙasa. Gishirin ma na taimakawa wajen ɗaga jiki. Ɗayar ita ce nutso da tulun iska a baya, wadda sai an koya an samu takardar shaida, kuma takardar farko ba ta ba da izinin wuce zurfin mita 18.

Dalilin wannan tsanani lissafi ne. Kowace mita 10 ta zurfi na ƙara wa jiki nauyi daidai da na dukan iskar da ke bisa kan mutum a tudu. A mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu, tulun iska kuma ya ƙare da sauri sau huɗu. Cikin wannan matsi iskar azot na narkewa cikin jini. In mai nutso ya taso a guje, sai ta yi kumfa cikin jijiyoyi kamar kwalbar lemun da aka girgiza aka buɗe, abin da ke kawo ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki, ko ajali. Shi ya sa ake hawowa sannu a hankali, a dakata minti 3 a zurfin mita 5, ba a riƙe numfashi, ba a nutso mutum ɗaya, ba a kuma shiga jirgin sama sai an kwana an wuni. Mai gaggawa ba shi da rabo a wannan sana'a.

Wurin da ya fi suna shi ne Sanganeb, wani zoben murjani da ke kilomita 25 daga gaɓa, ya taso daga zurfin kimanin mita 800 har ya taɓo saman ruwa. A kansa akwai hasumiyar fitila mai tsawon kusan mita 50 mai yi wa jirage jagora. Wanda ya hau ƙololuwarta yakan ga ruwan kala uku: fari-fari a bisa murjani, kore a cikin zoben, shuɗi mai duhu inda ƙasa ta yanke. Mai nutso kuwa yakan bi jikin wannan katanga kamar tsuntsu a gefen dutse, sama haske, ƙasa duhun da ba a ganin iyakarsa. An ƙidaya kifi fiye da iri 300 a wurin. A watannin sanyi akan ga garken kifin shak mai kan guduma, wanda idanunsa ke can ƙarshen kai dama da hagu, suna wucewa a jere ba su kula kowa ba. Launin ja shi ke fara ɓacewa in an nutsa, ta yadda wanda ya yanke a yatsa a zurfin mita 20 zai ga jininsa ya koma kore-kore.

Murjanin nan da ake ɗauka dutse, halitta ce mai rai, dangin wanda mata ke sawa a wuya amma ba iri ɗaya ba. Ƙananan halittu ne dubbai, kowace na gina wa kanta ɗaki na farar ƙasa, cikin jikinta kuma akwai wani tsiro da ido ba ya gani, wanda ke samar mata da abinci daga hasken rana. Manyan curin murjani ba su ƙaruwa fiye da kimanin santimita guda a shekara. Ke nan curin da ƙugiyar jirgi ta farfasa cikin minti guda, mai yiwuwa ya girmi tashar Bur Sudan.

Arewa da nan, a Sha'ab Rumi, akwai abin da ya rage na aikin Kumandan Kusto, Bafaranshen nan da masu kallon telebijin na dauri suka sani da jar hula. A 1963 ya kafa wani ƙauye a ƙarƙashin ruwa, mutanensa suka yi wata guda a zurfin mita 10 suna ci suna barci, har da aku a cikin ɗakin, wasu biyu kuma suka yi mako guda a kusan mita 30. Fim ɗin da ya fito daga wannan aiki, mai suna Le Monde sans soleil, ya ci lambar Oskar ta Amurka. Rumfar ƙarfe mai siffar albasa da suke ajiye ɗan jirginsu na nutso an bar ta a wurin, murjani ya lulluɓe ta.

Kaya uku da teku ya ci

Ƴan kasuwa za su fi gane wannan teku ta hanyar kayan da ya haɗiye. Na farko shi ne Umbriya, jirgin Italiya mai tsawon fiye da mita 150. A watan Yunin 1940 yana kan hanyar Eritiriya ɗauke da bama-bamai 360,000, da siminti, da motocin Fiat, sai sojan ruwan Ingila suka tsare shi dab da Bur Sudan da sunan bincike. Kyaftin ɗinsa, Lorenzo Muyesan, ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi tun kafin masu tsaronsa su sani. Sai ya nemi izinin yin atisayen ceto, mutanensa suka sauka cikin kwale-kwale, alhali an riga an buɗe wa ruwa hanya a ƙasa. Jirgin ya kwanta a gefensa na hagu da kayansa duka. Bama-baman na jere a cikinsa har yanzu, kifaye na shiga suna fita.

Na biyu shi ne Blue Belt, wanda ya taso daga Jidda a 1977 da motocin Toyota sababbi, ya yi karo da murjani a Sha'ab Su'adi. An zubar da wasu motocin domin a rage masa nauyi, duk da haka ya nutse, masu nutso suka riƙa iske tayoyi da sitiyari a warwatse. Na uku ba tarihi mai nisa ba ne. A watan Yunin 2022 wani jirgi da ya kamata ya ɗauki tumaki 9,000 aka loda masa kimanin 15,800 a tashar Sawakin. Bai ko fita daga tashar ba ya kife. An ceto ma'aikatan duka, amma tumakin da suka tsira ba su wuce kimanin 700 ba. Na farko yaƙi ya ci shi, na biyu kuskuren hanya, na uku kwaɗayi.

Ɗan'uwan ayu

Kilomita 125 arewa da Bur Sudan akwai lungun Dungunab da tsibirin Mukawwar, da ƙauyukan masunta biyu, Dungunab da Muhammad Gol. A farkon ƙarni na 20 wani masani ɗan Ingila, Siril Kurosland, ya kafa gonar kiwon kawa mai lu'ulu'u a nan. Gwamnatin Sudan ta mayar da Sanganeb gandun da doka ta kare a 1990, Dungunab a 2004, hukumar UNESCO kuma ta sa su biyun cikin kayan gadon duniya a 2016.

A cikin wannan lungu ne dugon ke kiwo. Masuntan kogin Kwara, daga Ayoru zuwa Gaya, za su gane shi da gani ɗaya, domin ɗan'uwan ayu ne, sai dai wutsiyarsa a rabe take biyu, ta ayu kuwa kamar faifai. Ciyawar ƙarƙashin ruwa yake ci, yakan kai mita 3, yana iya shekara 70. Macen na ɗaukar ciki fiye da shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, ba ta sake haihuwa sai bayan shekara 3 zuwa 7. Dabbar da ke haihuwa haka, in taru ya riƙa kashe ko da kaɗan a shekara, garken ba ya farfaɗowa. Kuma ba sai an yi niyyar kama shi ba: da hanci yake numfashi, in ya sarƙe a taru na ƴan mintoci sai ya mutu. Wannan na cikin abubuwan da suka rage yawan ayu a Kwara.

Wajen ƙarshen zafi kifin manta kan taru a nan, mai fikafikai da kan kai mita 4, yana shawagi kamar tabarmar da iska ta ɗauka, ba ya cizo ba ya harbi. A rairayin Mukawwar kuma kififiyar teku ke fitowa da dare ta haƙa rami ta zuba ƙwai ɗari ko fiye. Bayan kimanin wata biyu ƴaƴan su fito su nufi inda ya fi haske, wato teku. Fitila ɗaya a bakin tanti ta isa ta juyar da su tudu, inda ƙaguwa da tsuntsaye ke jira. Zafin rairayi ne kuma ke yanke ko maza za a ƙyanƙyashe ko mata: in ya yi yawa, sai mata su rinjaya.

Abin da ke kan sikeli

Gaskiyar da ba a cika faɗi ba ita ce, ba doka ce ta fi kare wannan gaɓa ba, nisa ne da wahalar zuwa. A Masar, garin Hurgada ƙauyen masunta ne kafin shekarun 1980. Otel-otel suka jeru a bakin ruwa kilomita bayan kilomita, aka cike wasu wuraren murjani da ƙasa domin gini, kuɗi ya shigo, murjanin kusa da gari ya lalace. Sudan ba ta samu kuɗin ba, ba ta kuma yi asarar ba.

Yaƙin 2023 ya kori ƴan jiragen da ke kawo masu nutso. A watannin Afrilu da Mayu na shekarar, dubban mutane na ƙasashe dabam-dabam suka tsere ta Bur Sudan zuwa Jidda, ta hanyar da alhazan dauri suka bi. Gwamnatin soja ta mayar da mazauninta garin, ƴan gudun hijira suka cika shi. A watan Agustan 2024 madatsar Arba'at, inda garin ke samun mafi yawan ruwan shansa, ta fashe. A watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙi suka kai hari filin jirgin sama da rumbunan mai, wuta ta yi kwanaki tana ci a kusa da ruwa. A irin wannan hali, mai gadin gandu da ba shi da gazuwal a kwale-kwalensa ba ya hana masu farautar shak domin fikafikansa. Ga kuma ɗumamar teku: in zafin ruwa ya ɗara na al'ada da maki ɗaya tak na ƴan makonni, murjani kan kori tsiron da ke ciyar da shi ya yi fari fat, kamar yadda aka gani a tekunan duniya a 1998 da 2016 da 2024.

Jarrabawa ta gaba za ta zo ne ranar da bindiga ta yi shiru. A watan Disamban 2022 an sa hannu da wasu kamfanonin Daular Larabawa kan gina sabuwar tasha ta dala biliyan 6 a Abu Amama, arewa da Bur Sudan. A Nuwamban 2024 gwamnati ta ce ta soke yarjejeniyar. Ƙasar da yaƙi ya rusa za ta nemi kuɗi ta kowace kafa, ba kuma mai ganin laifinta. Sai dai masu yanke shawara na da misali a ƙofar gidansu. Murjanin da aka sare aka gina Sawakin da shi, shekara ɗari na sakaci ta mayar da shi tsibin ƙasa. Wanda aka bari cikin ruwa yana nan yana ƙaruwa santimita guda a shekara, yana ciyar da masuntan Muhammad Gol, ba a taɓa biyan kowa kuɗin shafe shi ba.

Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya sa jikokin waɗanda suka taka daga Katsina da Damagaram zuwa Sawakin su ga ranar da baƙo zai sake kafa tanti a bakin wannan ruwa ba tare da fargaba ba.